Rigar Baba da Na Rina a Bokiti

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na je ɗaurin aure na dawo gida da shuɗiyar fuska ba. Shekara shida ke nan, kuma har yau idan na tuna sai in ji kunya ta kama ni sabuwa fil, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A Nassarawa GRA na tashi. Wannan gaskiya ce tsagwaronta, kuma da ita na yi shekara biyu ina fankama a ofishinmu. Duk wanda ya tambaye ni unguwarmu sai in ce masa GRA, in ja bakina in yi shiru, in bar shi ya gina min bene a cikin kansa. Abin da ba na faɗa shi ne mahaifina, Malam Sale, direban wani Alhaji ne, kuma ɗakuna biyu muke da su a bayan gidan, daura da gareji, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Ban taɓa jin daɗin zama a wani wuri kamar can ba. Da sassafe ƙarar tsintsiyar mai shara ce ke tashinmu, titi shiru sai kukan kurciya a kan darbejiya, Baba kuma yana goge mota yana sauraren labaran safe a 'yar rediyonsa.

Baba yana da wata al'ada game da riga wadda a lokacin take ba ni haushi. Idan Alhaji ya ba shi kwancen farar shadda da sallah, sai ya yi shekara biyu ko uku yana sa ta a fara, Juma'a da sallah kawai. Ba ya yarda a sa mata burushi, da hannu ake wanke ta, a juya cikinta waje, a shanya a inuwa. Idan farin ya fara dushewa sai ya kai ta marina a mai da ita ruwan sararin samaniya. Bayan wasu shekaru a sake tsoma ta, ta koma shuɗiya sosai. Idan wuya ya fara cinyewa sai tela ya fitar min da kaftani a ciki, ya yi wa ƙanina 'yar shara da abin da ya rage. Ƙarshenta tsumman goge mota, kuma ko a nan ma sai ta yi shekara tana aiki. (Na taɓa zuwa makaranta ranar rabon sakamako da riga kala ɗaya da tsumman da ke hannun Baba. Na yi kwana biyu ba na yi masa magana, shi kuwa bai ma san ina fushi ba.)

Da Baba ya rasu muka koma Kaura Goje. Cikin abin da ya bari akwai babbar riga ɗaya da bai kai ga rinawa ba, farar shadda mai kauri da aikin hannu, aska takwas. Umma ta ninke ta a ƙasan akwatinta, ba mai taɓawa.

Sai ga bikin Mubarak, abokin aikina, wanda teburinsa ke kusa da nawa. Ya sa ni cikin abokan ango, aka fitar da anko, shadda shuɗiya mai duhu wadda kuɗinta ya fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba. Mai hankali sai ya ja Mubarak gefe ya faɗa masa gaskiya. Ni kuwa ɗan GRA ne, ina zan kai wannan abin kunyar? Na ce musu kada su damu da ni, ina da irin kalar a wajen telana, tawa ma ta ɗan fi wannan nauyi. Ban gama farfaɗowa daga wannan ƙaryar ba na duba katin gayyata na ga inda za mu je gaida surukai bayan ɗaurin aure. Gidan da na tashi ne, amarya jikar Alhaji ce. Na yi ta juya katin a hannuna, daga baya na lallashi kaina cewa shekara goma sha ɗaya da barinmu gidan ba wasa ba ce, na tara gemu, na sa gilashi, kuma tsoho mai shekara tamanin ba zai tsaya tantance fuskoki a cikin taron samari ba.

Saura kwana uku na roƙi Umma rigar Baba, ta ba ni ba tare da ta tambaye ni komai ba. Na kai ta marina a cikin gari. Tsohon marinin da na samu ya daɗe yana shafa aikin da yatsunsa, ya ce rabonsa da ganin irin wannan ɗinkin an daɗe. Ya yi min bayani cewa sai an wanke tsohon sitatin jikinta, a tsoma, a shanya, a sake tsomawa, sannan a yi ta ɗauraya har ruwa ya fito fari. In dawo nan da kwana takwas. Na ce masa, "Malam, ba a yin na gaggawa?" Ya miƙo min rigata ya ce, "Akwai masu yi. Ban da ni."

Na fito ina cewa a raina tsofaffin nan sun cika mai da ƙaramin abu babba. Rini dai ba kala ba ce da ruwan zafi? Na biya kasuwa na sayi galura ƙulli uku. Mai sayarwar ya nuna min wani farin magani ya ce shi ne ke sa rini ya kama, na ɗauka ciniki yake so ya ƙara, na ce ya bar abinsa. A gida na tafasa ruwa, na juye a bokitin wankin Umma, na zuba galurar, na dulmuya rigar Baba ina juyawa da muciyarta ta tuwo. (Maganar rigar Umma ta yafe min. Muciyar ce har yau idan zance ya zo sai ta tayar.) Sau ɗaya na ɗauraye. Umma ta leƙa ta ce ruwan nan fa har yanzu baƙi ne wuluk, na ce mata ai na sama-sama ne yake fita, na ciki ya riga ya zauna. Da ta bushe na kai mabuga aka sa mata sitati aka buge ta. Mabugin ya kalli tafin hannunsa, ya kalle ni, ya tambaya ko rinin gida ne. Na ce masa a'a da irin muryar da ke hana ƙarin tambaya.

Gaskiya rigar ta yi kyau. Ranar Asabar da na isa harabar masallaci tana ta ɗaukar ido, ta fi ta kowa sheƙi, ga aikin hannu ya fito raɗau a kan shuɗin. Abokan ango suka yi min caa. Kabiru, wanda ya fi kowa surutu a ofis, ya kama hannun rigar ya ce a ina na samo wannan. Na gyara zaman hulata na ce daga waje aka aiko min, ko ya zagaye kasuwar Kwari kaf ba zai samu irinta ba. Har da ƙara masa cewa aikin kaɗai wata shida aka yi ana yi. (Wannan ɗin ashe gaskiya na faɗa ban sani ba.)

To, bazara ce, ƙarfe sha ɗaya na rana, mutane cunkushe a ƙarƙashin rumfa ba iska ko kaɗan. Kafin a shafa fatiha na jiƙe sharkaf. Na riƙa kama gefen rigar ina share fuska da wuya, kamar yadda na saba gani manya suna yi. Da aka zo hotuna ni ne a sahun gaba. Na rungumi Mubarak cikin farar rigarsa tas, na dafa kafaɗarsa, na bubbuga bayansa, aka canza tsayuwa na koma ɗaya gefen na sake dafawa. Na lura mutum biyu-uku suna kallona suna sake kallo, sai na ƙara buɗe kafaɗa, a tunanina rigar ce ke tafiya da su.

Da muka shiga ƙofar gidan na saci kallon bayan gida. Mangwaron yana nan, ya ƙara girma. Ɗakunanmu kuwa an cire musu ƙofofi an zuba janareta a ɗaya, ɗayan an tara kujerun roba. Kabiru yana gefena, don haka na kau da kai kamar baƙon da bai taɓa taka wurin ba.

Aka shigar da mu babban falo, wanda a da iyakata da shi bakin ƙofa idan an aike ni da mukullin mota. Kafet ruwan madara, dattawa zazzaune, Alhaji a tsakiya kan kujerarsa. Ya rame, gemu ya yi fari fat, amma idanun nan suna nan yadda na san su. Muka durƙusa, aka fara miƙa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina na sunkuyar da kai na ba shi hannu biyu, na yi sauri zan janye. Sai na ga ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Shuɗi ne shar. A daidai lokacin Mubarak ya sunkuya gaban wani kawun amarya, bayan rigarsa ya fuskanci jama'a: yatsu biyar a kafaɗar dama, yatsu biyar a ta hagu, ga wasu tafuka uku a tsakiyar baya, kowanne ya fito har da layin hannu. Wani daga baya ya kasa riƙe dariyarsa. Na ja jiki don in ɓuya a bayan Kabiru, sai ga tabon gwiwoyina biyu a kan kafet.

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah.

"Matso nan, samari," in ji Alhaji.

Na matsa da rarrafe, ina barin sawu. Bai kalli fuskata ba, rigar yake kallo. Ya bi aikin ƙirjin da yatsa, sannan ya kama kafaɗar hagu ya juya cikinta. Akwai wani ɗan faci a wurin da ni ban taɓa lura da shi ba, ɗinkin hannun Umma, daidai inda bel ɗin mota ke gogar kafaɗar direba.

"Wannan ai rigar Sale ce," ya ce. "A ina ka samo ta?"

Zan faɗi gaskiya tunda na ɗauko ta. Akwai ƙofar fita, kuma na hango ta. Zan iya cewa a gwanjo na saya, in sha dariyar kwana biyu a ofis, in tsira da GRA ɗina. Na ɗau lokaci ina auna wannan a raina, ina sanye da rigar mutumin da ya haife ni. Daga ƙarshe na ce, "Mahaifina ne, ranka ya daɗe." Amma a can ƙasan maƙoshi na faɗa, yadda ko Kabiru da ke jikina ba zai ji ba.

Alhaji ya karkato kunne ya ce, "Ɗaga murya, ɗan nan, kunnen ya tsufa."

Na maimaita, falo duka ya ji.

Tsohon ya riƙe hannuna bai saki ba, shuɗin yana ta ƙara hawa nasa. Ya juya ga dattawa ya shiga ba su labarin Baba. Ya ce shekara ashirin da biyu Sale ya yi yana tuƙa shi bai taɓa sa shi jira ba, shi ya kai duk 'ya'yan gidan makaranta har da uban amaryar nan, kuma ranar da aka zo masa da labarin rasuwarsa bai iya cin abinci ba. Ya ce rigar shi ya bayar aka yi masa ita, wata shida ana aikinta, ya sa ta shekara huɗu ya ba Sale, kuma duk Juma'ar da Sale ya fito da ita sai ya ji tasa sabuwar ta zama tsohuwa. Ya ce a yi wa Sale addu'a, falo gaba ɗaya ya ɗaga hannu, har da ni da shuɗɗan tafukana, hawaye na bin fuskata suna ƙara dama kalar.

Da aka shafa sai ya sake duban rigar ya ce, "To wane mara imanin ne ya yi mata wannan rinin?" Na ce ni ne. Ya tambaya a ina, na ce a bokiti. A nan ne dariyar da kowa ke dannewa ta ɓalle, har Alhaji sai da ya share ido. Ya ce in tashi in je in wanke fuska, na san hanyar famfon baya.

Ranar Litinin na shiga ofis ina jiran a yi min tsiya a kan ɗakunan bayan gida. Ba wanda ya ko ɗaga zancen. A kan rinin dai Kabiru bai raga min ba, wata guda yana ɓoye hannunsa a aljihu idan na zo gaishe shi. Rigar Mubarak kuwa tabon ya ƙi fita, dole ya kai ta aka rine ta gaba ɗaya, kuma har bana na gan shi da ita a wani suna, wai ya fi son ta a haka. Tawa ma masu sana'ar sun ceto ta, ita nake sawa kowace sallah.

Idan kuna son darasi, ga mai sauƙin: kada ka yi rini a bokiti, in kuwa ka yi, kada ka rungumi ango cikin bazara. Ɗayan ya fi wuyar faɗa. An wanke kafet, fuskata ta koma daidai bayan kwana uku, amma har yau ina jin nauyin abu ɗaya. A falon nan cike da manyan mutane, ba wanda ya ji kunyar ambaton Sale direba sai ɗan da ya haifa, kuma sai da aka ce in ɗaga murya.