Hoton Masarar da Na Aika

Ni kaɗai na iya kwamfuta a ofishin ƙungiyar manomanmu a Funtuwa, har tafiyata ta canza. Ranar da shugabanmu Alhaji Sule ya ce in tura wa masu sayen hatsi hoton masararmu ta imel, ko dubawa ban yi ba, na liƙa na aika. Ashe hotona ne, ina sharar barci a kan buhuna, baki buɗe.

Na goge saƙon daga akwatina, na gyara zaman hula.

"Alhaji, kwantar da hankalinka. Na share shi, ba mai gani."

Ran kasuwar Bakori muka tarar da hoton manne a rumfar Madam Ngozi mai sayen masara, an ƙara masa girma. Har yau ko da la'asar na gifta, sai ta ɗaga murya: "Malam, an tashi lafiya?"