Ranar da na gasa surukina a kan babur

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar ɗaurin auren ƙanen Nasiru a Amarawa, ko da yake na so in manta.

Nasiru abokina ne, ɗan kasuwar albasa. Shi ya shigo da wani ƙaton babur ƙirar Italiya ta Konni, irin wanda Turawa ke ratsa hamada da shi. Ba a soka masa makulli, dannawa ake yi ya tashi. Tankinsa kamar tulu, ga ɗan allo a gaba inda kake zaɓar kwalta za ka bi ko rairayi. Duk na haddace wannan a waya, kullum ina yi wa 'yan majalisarmu bayani (alhali ban taɓa hawan abin da ya wuce ɗan babur ɗina na ɗaukar buhun gero ba).

Ranar biki sai mota ta cika, aka rasa wa Alhaji Garba wuri. Shi ne mahaifin Hadiza, wadda nake nema lokacin. Nan take na ari babur ɗin Nasiru, na ce ni zan kai Baba.

Muka bar Illela cikin zafin bazara. Ina tuƙi ina danne-danne don ya ga na san kan abin, ina ba shi labarin ƙarfin inji da birkin da ba ya zamewa. Shi dai "to" kawai yake cewa. Na ji yana ta gyara zama, na ɗauka laushin kujera ne. Tafukan hannuna ma sun ɗau zafi, na ce rana ce.

Muka tarar da ƙofar gida cike da mutane. Baba ya sauka a hankali, ya kama bayan babbar rigarsa yana fifitawa, sannan ya dube ni ba tare da faɗa ba.

"Yaro, mi na yi maka ka aza ni bisa murhu?"

Nasiru ya leƙa allon, ya ce ai na kunna abin ɗumama kujera da mariƙin hannu, har ƙarshe. Don masu tafiya cikin ƙanƙara aka yi shi. A tsaye Baba ya yi ɗaurin auren nan, duk wanda ya yi masa tayin tabarma sai ya nuna ni.

An dai ba ni Hadiza. Amma har yau in na ba Baba kujera a gidana, sai ya fara taɓa ta da hannu. Ni kuwa na koyi cewa in ka ɗauko babba, ka riƙe birki, ka riƙe bakinka, sauran maɓallan ka bar wa mai babur.