Safar Hannun Likitan Tukunya

Wanda bai san Likitan Tukunya ba, labarin tsafta kawai yake ji. Shi ne mai gidan abincin nan na bakin kwana. Tun ranar da ya je bitar tsaftar abinci, ya dawo da takardar shaida da farar safar hannu ta roba, ba a sake ganin fatar hannunsa ba. Da safe yake zura ta, sai an rufe shago ya cire, ya rataye don gobe.

"Ƙwayoyin cuta ba sa ganuwa," yakan ce wa masu yi masa aiki, yana kaɗa yatsa. "Amma ni na yi karatunsu. Na san su, su ma sun san ni."

Matarsa ta ce, "Maigida, ko in ɗinka mata riga, kar ta yi datti?" Bai ji zolaya ba, ya ce zai duba shawarar.

Ana nan sai manajan wani kamfani ya zo ɗanɗana abinci, in ya gamsu ya ba shi kwangilar ciyar da ma'aikata. Likita ya kori kowa daga kicin, wai yau aikin masana ne. Da safar nan ya daddatsa ɗanyar kaza, ya share gumi, ya amsa waya, ya ɗaga murfin kwandon shara. Sannan ya zo gaban baƙo, ya tsoma hannu biyu cikin kwanon latas da tumatir, ya yamutsa sosai.

"Ranka ya daɗe, ka lura, hannuna bai taɓa abincinka ba."

Bawan Allah bai yi ƙarya ba. Suka ci tare, har da ƙari.

Washegari amai da gudawa suka haɗa su a asibiti, gado kusa da gado. Manaja ya juya wa Likita baya, kwangila kuwa ba wanda ya sake tada zancenta. Nas ta zo sa wa Likita ƙarin ruwa, ta yi fama kafin ya yarda a zare safar da ya zura tun da safe kamar kullum.

"Kai, baba!" in ji ta. "Hannu fes, kamar na jariri."

Likita ya ɗago kai da ƙyar, ya leƙa gadon manaja.

"Ranka ya daɗe, ka dai ji da kunnenka."

Ai kuwa safa ta yi aikinta. Duk gidan abincin, hannun nan kaɗai ta tsare.