Ranar da Na Yi wa Lafiyayyiyar Taya Tiyata

Ba zan taɓa mantawa da irin dariyar da aka yi mini a majalisarmu ta 'yan fansho ba, ranar da na bayyana cewa zan hau keke daga Gwarzo zuwa Kabo. Alhaji Sule, wanda ya ƙare aikinsa a gandun daji, ya ce mutumin da ya haye saba'in ba ya yin wannan tafiya sai dai da baki. Mista Bitrus, tsohon abokin koyarwata, mutumin Filato da ya tsufa a cikinmu, ya ce ko da gwiwoyina sun amince, numfashina ba zai sa hannu ba. Sauran suka haɗu a kan cewa iyakata bakin tasha, daga nan sai a aiko a kwashe ni.

Na saurare su da irin natsuwar da na saba sauraron ɗaliban da ba su yi bitar darasi ba. Ni ne fa mutumin da ya fara koyarwa a Madadi, ya zama hedimasta, daga bisani aka ɗora masa duba makarantu, duk a kan baƙin keke guda. Babu burtalin da ban ratsa ba a wannan yanki, kuma ban taɓa kai kekena wurin mai faci ba. Da hannuna nake ciro tiyub, in hura shi, in tsoma a ruwa, in nemi inda yake kumfa, in goge, in shafa sholisho, in jira ya sha iska, sannan in manna faci. Saboda haka na shaida musu cewa ɗaurin auren jikan abokinmu da za a yi a Kabo bayan Babbar Sallah, su su tafi a mota, za su tarar da ni a can ina jiransu.

Keken da ya jawo wannan magana 'yar autata Bilkisu ce ta kawo mini daga Kano, inda take aikin gashin ƙashi a asibiti. Ta ce motsa jiki zai taimaki gwiwoyina. Keke ne na zamani, marar nauyi, mai kaurin taya. Ranar da ta kawo shi ta durƙusa kusa da tayar gaba ta fara bayani.

“Baba, wannan tayar tubules ce, ba irin wadda ka saba da ita ba. Idan ƙaya ta shiga, abin da za ka yi shi ne...”

“Auta,” na katse ta, “ina yi wa keke faci tun kafin a kai kuɗin auren mahaifiyarki. Ki bar wannan fanni ga masu shi.”

Ta dubi mahaifiyarta, mahaifiyarta ta dubi rufin ɗaki, aka bar maganar. (Na lura da wannan kallo, amma na ɗauke shi a matsayin girmamawa.)

Hajiya, uwargidana, ba ta yi dariya ba da ta ji labarin Kabo. Sharaɗi ta kafa. Ta ce, “Malam, ban hana ka ba. Amma in ka dawo gidan nan a cikin motar wani, makullin keken nan ya zama nawa. Sai dai ka riƙa kallonsa a zaure.” Na amince nan take, domin ban ga ta inda hakan zai faru ba. Wanda bai tsufa ba ba zai gane nauyin wannan sharaɗi ba. Keken nan shi ne abu na ƙarshe da nake fita da shi ba tare da na nemi wani ya kai ni ba.

Ranar ɗaurin auren, wata Asabar, na fito bayan gari ya waye, cikin shuɗiyar shaddata ta Sallah, na tattare hannayen rigar a kafaɗa. A bayan keken na ɗaure tsohon gwangwanina na kayan faci, wanda ya yi aikin gwamnati tare da ni: sholisho, guntayen roba, ƙaramin famfo, da cokula biyu na ƙarfe da nake ɓamɓare taya da su. Na bar kwalta na bi ta hanyar gonaki, yadda na saba a da. Damina ta fara kankama, gero ya kai gwiwa, iska tana da sanyi. Gwiwoyina ba su yi ƙorafi ba, numfashina kuma ya sa hannun da Mista Bitrus ya ce ba zai sa ba. Har na fara tsara jawabin da zan tarbe su da shi.

Na ci fiye da rabin hanya lokacin da na taka reshen ƙaya, irin wanda manoma ke jawowa su yi shinge. Na ji tayar gaba ta yi tsaki, wani farin ruwa ya yi feshi kaɗan a kan takalmina, sannan komai ya yi shiru. Keken ya ci gaba da tafiya lafiya lau. Mai hankali da ya ci gaba shi ma. Ni kuwa na ja birki, domin a iya sanina, tayar da ta yi tsaki ta riga ta yi magana.

Na tura keken zuwa gindin wata bishiya a bakin wani ƙauye, inda manoma suke hutawa. Wani mai furfura a cikinsu ya miƙe da sauri ya durƙusa.

“Malam! Ranka ya daɗe, ni ne Haruna, ɗalibinka na aji shida. Ina kwana? Ina gajiya? Ya Hajiya? Ya iyali?”

Muka gaisa yadda ya kamata. Ya shaida wa jama'a cewa wannan shi ne malamin da ya koya masa lissafi, kuma bai taɓa jin ya yi kuskure ba. Wannan gabatarwa ita ta ƙarasa ni. Na ga ɗalibai, na ga inuwa, na ga darasi. Na ce a kawo mini daro da ruwa, na kifa keken, na buɗe gwangwani, na jera kayan aiki a kan hankici.

“Abu na farko,” na ce musu, “shi ne a raba taya da abin da ya cutar da ita.”

Na kama ƙayar na zare. Farin ruwan nan ya sake fesowa, wannan karon a gemuna. Kafin in goge, ya tsaya da kansa. Na danna tayar da babban yatsa, na ji ta da ƙarfi kamar ba a taɓa ta ba. Ina jin Haruna ma ya gani, domin ya buɗe baki, sai kuma ya rufe.

“Kada ƙarfinta ya ruɗe ku,” na ce. “Ciwon yana ciki.”

“Haka ne, Malam,” in ji Haruna.

“Wannan farin abu kuwa ruwan damina ne da ya shiga ya ruɓe.”

“Ƙwarai kuwa, Malam.”

(A ƙasar nan ba a yi wa tsohon hedimasta gyara a gaban mutane. Na daɗe ina alfahari da wannan tarbiyya, har na taimaka wajen dasa ta. Ranar na girbi amfaninta.)

Na sauke iskar gaba ɗaya da hannuna. Tayar ta manne wa ƙarfenta kamar an yi mata gam, amma na sa cokulan nan biyu, na haɗa da gwiwa da bismillah, har ta ɓalle. Abin da ya rage na farin ruwan, kimanin cikin kofin shayi, ya juye a cinyar shaddata. Ban damu ba, likita ba ya ƙyamar aikinsa. Na zura hannu don in jawo tiyub. Na lalubi dama, na lalubi hagu. Na zagaye tayar gaba ɗaya da yatsuna, na leƙa ciki da tabarau. Babu tiyub, babu alamarsa.

A nan ne na miƙe tsaye, na yi wa jama'a jawabi a kan lalacewar amana a wannan zamani. Na ce an cuci yarinya, an ga mace ce, an sayar mata da keke babu tiyub, an cika tayar da ruwan banza. Manoma suka yi ta salati. Wani ya ce mutanen birni sai addu'a. Don in kafa hujja a gaban shaidu, na kira Auta, na saki muryar wayar a fili yadda kowa zai ji.

“Auta, ki kwantar da hankalinki. An yaudare ki. Na buɗe tayar nan, babu tiyub a ciki.”

Auta ta tambaya a hankali:

“Baba... ka buɗe ta?”

“Da hannuna.”

“Innalillahi. Baba, ai ba ta da tiyub, haka aka yi ta. Farin ruwan shi ne mai facin. In ƙaya ta huda, shi yake toshe ramin da kansa. Ba ka ga ya fito sannan ya tsaya ba?”

Wani daga bayan taron ya amsa a madadina, a hankali: “Duk mun gani.”

“To ai ta riga ta warke, Baba. Hawa kawai za ka yi ka tafi. Abin da na so in gaya maka ke nan ranar. Yanzu kuma ƙaramin famfon nan ba zai mayar da ita ba, sai an kai wurin mai injin iska.”

Na kashe wayar. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Haruna ya ɗauke daron ruwan a hankali ya kai bayan bishiya, kamar mai ɓoye shaidar laifi. Duk da haka na mayar da tayar na kama famfo, domin ban saba karɓar hukunci ba tare da ɗaukaka ƙara ba. Na buga har kafaɗuna suka mutu. Iskar tana shiga ta nan, tana fita ta ko'ina.

Haruna ne ya tura mini keken har bakin titi. Muna isa, motar farko da ta rage gudu ita ce bas ɗin da 'yan majalisarmu suka ɗauko. Alhaji Sule ya leƙo ta taga, ya dube ni daga hula har takalmi.

“Hedimasta! Mu da za mu tarar da kai a Kabo?”

Mista Bitrus ya matsa ya ba ni wuri, amma kafaɗunsa suna rawa har muka isa. Aka ɗaure keken a saman mota.

A wurin ɗaurin aure ruwan ya riga ya bushe, ya zama kamar danƙo a rigata da gemuna. Wani dattijo da muka gaisa ya riƙe hannuna ya ce, “Malam, fura aka tsaya sha a hanya?” Kafin in haɗa amsa Alhaji Sule ya riga ni: “A'a, tsayawa ya yi ya tatsi keke.” Har aka shafa fatiha ina jin maganar tana tafiya daga tabarma zuwa tabarma.

Da na dawo gida a bas ɗin, Hajiya tana tsaye a tsakar gida. Ba ta tambaye ni komai ba, Auta ta riga ta kira. Ta miƙo tafin hannu, na ajiye makulli a ciki. Keken ya koma zaure, ni kuma na koma mai wucewa ta gefensa. Masallacin Juma'a ma sai an kai ni.

Bayan makonni Auta ta zo. Ta sa aka mayar da tayar da injin iska, aka zuba sabon ruwa. Sannan ta zaunar da ni a kan tabarma, ta nuna mini abin da ake yi in ramin ya fi ƙarfin ruwan: wani zaren roba mai danƙo da ake cusawa a ramin da ƙarfe kamar basilla, daga waje, ba tare da an cire taya ba. Ta sa na maimaita a kan tsohuwar taya har ta gamsu. Ban katse ta ba ko sau ɗaya. Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa, tana saurare. Da muka gama ta ce za ta mayar da makulli, amma da musaya.

“Ka ba ni gwangwanin nan.”

Na ba ta. Ta buɗe, ta ɗauko cokulan, ta juya su a hannu.

“Malam, waɗannan ai na kayan aurena ne. Tun Auta ba ta zo duniya ba nake zargin maƙwabta.”

Na karɓi makullina na nufi zaure.

Ban sanar da kowa ba na sake kama hanyar Kabo. A wani burtali ƙaya ta sake samuna, tayar ta yi tsaki, farin ruwa ya fito. Hannuna ya kai kan birki da kansa. Na yi shekaru ina koya wa mutane abin da za su yi, ban san cewa barin abu ya gyara kansa ya fi kowane darasi wuya ba. Na ɗauke hannun, na ci gaba da taka feda, tsakin ya mutu. Na isa Kabo, na sha ruwa, na yi azahar, na juyo, na shigo gidana a kan kekena.

Majalisa ba ta yarda ba. Alhaji Sule ya ce tafiyar da ba ta da shaidu ba tafiya ba ce, kuma har yau in na iso sai ya tambaye ni ko an samu nono. Ranar tatsar keke kowa ya haddace ta, ba ta buƙatar marubuci. Saboda haka nake roƙon a rubuta ɗaya ranar, wadda na isa Kabo a kan kekena, tunda ni kaɗai ne na halarta: Litinin ta farko bayan Cika-ciki, a shekarar da na cika saba'in da uku.