Iliya Ɗan Tarabulus da Lambatun Kasuwa

A zamanin En'e an yi wani Bayahude a wani gari na Arewa, sunansa Iliya Tayyar, amma kowa Ɗan Tarabulus yake ce masa. Yana saurayi ya zo daga Tarabulus da ƙunshin kaya ɗaya, ya kama sayen fata da ƙirgi. Shekara arba'in yana garin, har Hausa ta zauna a bakinsa, in yana magana a bayan labule sai ka rantse ɗan cikin gari ne. Da furfura ta fito ya bar wa 'ya'yansa shago, aka sa shi a majalisar gari, aka ba shi kwamitin tsafta, kujerar da kowa ke gudu.

Wata damina babban lambatun kasuwa ya toshe. Ruwan ƙazanta ya koma cikin gidaje, amai da gudawa suka kwantar da yara, har aka binne biyu. Iliya ya naɗe ƙafar wando ya bi lambatun da kansa, sai ga shi ya yi karo da katangar sabon sito, an dasa ta daram a kan hanyar ruwa. Siton kuwa na Alhaji Datti Cigari ne, shi ma ɗan majalisa, mutumin da bai taɓa kawo wa majalisa komai ba sai ƙamshin turare da gyangyaɗi.

Ranar zama Iliya ya miƙe ya dubi shugaban majalisa ya ce, “Ranka ya daɗe, sai dai a rushe katangar nan, in ba haka ba za mu ƙara binne yara.”

Nan take barcin Alhaji Datti ya watse. Ya dube shi sama da ƙasa, ya taɓe baki.

“Ikon Allah! Yau kuma mai warin jima ne zai koya mana tsafta? Ba ginina ne ya toshe komai ba.”

Iliya ya daure ya ce, “Alhaji, da ƙafata na shiga, da idona na gani. In kana so gobe mu shiga tare.”

“Ni? Cikin lambatu?” Alhaji ya zabura har rawani ya karkace. “Kai Bayahude, ka san da wa kake magana? Kai da ka zo jiya da ƙunshi a ka! Ni nan aka haife ni, nan aka haifi ubana. Cibiyata a bakin kasuwar nan aka binne ta!”

Iliya ya gyara zaman tabaraunsa, ya juya ga shugaba.

“To, ranka ya daɗe, tunda ba ginin ba ne, a tono cibiyar. Ƙila ita ce ta toshe mana lambatun.”