Sakwarar Mama Dooshima

Ba zan taɓa mantawa da bikin Doma ba, duk da na so in manta.

A shekarar gyambon ciki ya matsa min, ga tumbi ya hana ni ɗaure takalmi sai na zauna. Aka tura ni wajen wata ƙwararriyar likitar ciki a nan garin Lafiya. Ta zura min kyamara ta maƙogwaro, ta duba, ta ce ba sai an yi tiyata ba: in sha magani, in riƙa tafiyar ƙafa, in rage tuwo, in bar barkono da maiƙo. Matata Hajara ta ɗauki abin da gaske. Kullum tukunya biyu take ɗorawa, ta yara daban, tawa daban, ganye da kifi, ba yaji.

Ni kuwa ina tashi daga ofis sai in hau keke napep zuwa rumfar Mama Dooshima, wata 'yar Tibi mai sayar da sakwara a bayan tasha. Malmala biyu, miyar agushi, tsokar akuya huɗu. In goge baki, in dawo gida in ci ganyena ina nishi kamar wanda aka zalunta.

Bayan wata biyu sikeli ya nuna na ƙaru. Likita ta tambayi dalili, Hajara na zaune a gefena. (Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.) Na ce, "Likita, ai abin da aka dafa a gida nake ci."

Ta juya wajen Hajara. "Madam, in ba ki taimaka masa ba, wa zai taimaka masa?"

Hajara ta sunkuyar da kai ta ce, "To, zan ƙara kula." Washegari ta rage man girkin gidan gaba ɗaya, har na yara.

Ana haka abokin aikina ya aurar da ƙanwarsa a Doma, muka je ni da Hajara da yayarta. Aka kawo shinkafa, na ture farantin ina cewa da ƙarfi, "Ni dokar likita nake bi." Har wani ya yaba min. Sai ga mai rabon abinci ta iso da kula a hannu, ashe Mama Dooshima ce.

"Oga Malam! Kwastoma na! Jiya ba ka zo ba, na ajiye maka kan akuya har ya yi sanyi." Ta kalli Hajara tana murmushi. "Madam, mijinki ne? Kai, yana ci fa! Kullum biyu, barkono kuma sai na ƙara masa."

Yayar Hajara ta ajiye cokalinta. Ni kuma (ban san me ya hau kaina ba) na ce, "Mama, anya ba kama kika gani ba?" Nan fa aka fashe da dariya. Hajara ce kaɗai ba ta yi ba.

Sai da muka kusa shiga Lafiya Hajara ta yi magana. "Baban Ummi, ba sakwarar ce ta dame ni ba. Zaman da ka yi a asibiti kana kallo ana min faɗa."

Ranar Litinin na koma asibiti ni kaɗai na faɗa wa likita gaskiya. Yanzu cikin ya lafa, tumbin ma ya soma sauka. Hajara ta ce ta yafe, amma ba ta ƙara raka ni asibiti ba, kuma ban da bakin tambayar dalili.

Darasin da na koya? Lafiya ba ta da girman da mutum zai ɓoye ƙarya a cikinta. Mai abincinka ma ana gayyatarta biki.