Ranar da Na Jera Kawu Cikin Bijimai

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na jera kawuna cikin bijimai a gaban manyan garin Filinge ba.

Lokacin sojoji ba su jima da miƙa mulki ga farar hula ba, kowace ƙungiya tana fafutukar nuna wa duniya tana nan da ranta. Ni kuwa na dawo daga Yamai da takardar karatun ordinata, wato kwamfuta, da jakar ratayawa, da tabarau (idona garau yake, tabarau ɗin na ƙarin kwarjini ne). Kawu Alhaji Garba, yayan mahaifiyata, shi ne shugaban wata ƙungiyar makiyaya da manoman hatsi. Suna son shafi a intanet don masu ba da taimako su san da su, ko a dace a haƙa musu rijiyar shayar da dabbobi wajen Tabla. Kawu ya tsaya gaban ƴan kwamiti ya ce, "Ga ɗanmu na gida ya yi karatun abin. Mi za mu nema Yamai?"

Na gaya musu ni mai tsara bayanai ne, na ƙara da Faransanci cewa arshitek ake ce mana, sunan da ake kiran masu zanen gine-gine da shi. Wani dattijo har ya roƙe ni in biya in duba masa katangarsa da ta tsage. Na yi murmushin masu ilimi, na bayyana masa cewa shafin intanet kamar gida yake, aikina shi ne in ware wa kowane bayani ɗakinsa, in rubuta suna a ƙofa, don kada baƙo ya shiga neman gero ya tsinci kansa a turken awaki.

Suka tara mini hotuna da tarihin ƙungiya da labarin rigakafin dabbobi. Na kasa su gida uku: Hatsi, Kiwo, Mutanenmu. A Yamai an koya mana cewa sunan ƙofa gajere ake so, domin baƙon intanet ba shi da haƙuri. Saboda haka da na zo kan shanu da raƙuma, na ga "Manyan dabbobi" ya yi tsawo, na datse shi ya koma "Manya". Bayan ƴan kwanaki na iso kan hotunan shugabanni. "Shugabannin ƙungiya" ma ya yi mini tsawo. Na yi ɗan tunani, na liƙa musu "Manya", har ina yaba wa kaina da iya Hausa. Na sha'afa cewa na'ura ba ta san girma ba: duk abin da ke ɗauke da suna ɗaya, ɗaki ɗaya take tura shi. Ban koma na gwada ba, don hankalina yana kan launin da zan rubuta sunana da shi a ƙasan shafin.

Ranar buɗewa zauren taro ya cika maƙil. Ga purefe, wato shugaban gundumarmu, sabon zuwa, ga ƴan kasuwa, ga makiyaya tun daga Imanan da sandunansu. Aka rataya farin zane a bango, aka tada injin wuta, aka haska shafin a kan zanen. Na miƙe na yi jawabi mai tsawo, rabi Hausa rabi Faransanci, na rufe da cewa, "Duk abin da mutum ke nema a shafin nan, yana inda ya dace da shi."

Purefe ya ce, "Madalla. To nuna mana garken. An ce kuna da bijimai na gani na faɗa."

Na latsa Kiwo. Na latsa Manya.

Jan bijimi ya fito da ƙahonsa. Raƙumi ya biyo. Sai ga Kawu, da babbar riga da rawani, hannu a ƙirji. Daga hagunsa wani baƙin sa, daga can ƙarshe ma'ajin ƙungiya, siriri kamar kara. A samansu duka, da manyan baƙaƙe, ga abin da na rubuta da hannuna: "Dukkansu lafiyayyu ne, an yi musu rigakafi, ana ba da aronsu don inganta iri."

Sai Arɗo Buba, wani tsohon Bafillace abokin wasan Kawu, ya tashi a hankali, ya dogara sandarsa har gaban zanen, ya ƙura ido kamar mai taya dabba a kasuwa.

"Alhaji," in ji shi, "tun ina yaro nike kiwo, ban taɓa ganin bijimi da rawani ba. Wanga na tsakiya, ciyawar ina yaka ci?"

Wuri ya kece da dariya. Purefe ya cusa fuska cikin hankici, kafaɗunsa na rawa. Na yi wuf zan koma baya, hannuna ya latsa hoton, fuskar Kawu ta cika bangon gaba ɗaya. Na roƙi Allah a zuci injin ya mutu (injin da kullum sai an yi masa magiya), amma ranar sai ya riƙa gurnani kamar yau aka sayo shi.

Kawu bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya gyara zama ya ce, "Ku yi haƙuri, jama'a. Ɗan ƙanwata ne. Ni na kawo shi." Wallahi da bulala ya sa aka yi mini da ta fi sauƙi.

Gyaran bai ɗauke ni tsawon shan shayi ba, amma labari ya riga ni isa kasuwa. Ma'aji ya daina amsa gaisuwata har damina ta wuce. Kawu kuwa, duk sanda na je gaishe shi, sai ya dube ni ta ƙasan ido ya ce, "Arshitek, yau wane garke ka kai ni?"

Har yanzu wannan aikin nake yi, kuma na iya shi daidai gwargwado. Sai dai na daina rowar baƙaƙe a sunan ƙofa, kuma ba na gayyatar kowa sai na leƙa kowane ɗaki da kaina. A garin da shugaba da bijimi duk manya ne, gajeren suna doguwar kunya yake jawowa.